Shekarar da Mura Ta Tsallake Assumana

Ku ɗiyan Assumana, da ku nawa, kun tashi kuna jin ana cewa Assumana mutum ne da mura ba ta kamawa. Har yau in sanyi ya shigo aka fara tari a garinmu, sai ka ji wata tsohuwa ta ce da yana da rai da an ga aiki. Kuna jin daɗin maganar, ni ma ban hana ku ba. Amma a bakina ta fara fita, kuma na gaji da jin tana yawo ita kaɗai ba tare da sauran labarin ba. Idona ya yi rauni, zama yana ba ni ciwon baya, don haka ba zan bi muku shekaru ɗaya bayan ɗaya ba. Shekara guda zan ba ku, wadda ta biyo bayan farin da ya ƙare shanun Adar.

Assumana wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina saurayi ya bi ƴan garinmu zuwa Abijan, ya samu gadi a gidan wani Bature mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya daɗe a ƙofar nan har maigidan ya saba da shi. Ni na zauna gida, ina noman gero da damina, da rani in sauka fadama in yi albasa. Na ɗan yi karatun yaƙi da jahilci, shi ya sa da gwamnati ta ce kowane gari ya ba da mutum a koya masa taimakon farko, aka nuna ni. Aka kai mu Buza, aka koya mana wanke miki da ɗiga maganin ido, aka ba ni akwatin katako mai kinin da asfirin da jan magani. In masu lamba, wato allurar rigakafi, sun zo da motarsu, ni ke jera mata da jariransu a gindin bedi. Iyakar likitancina ke nan, amma a lokacin ina jin kamar ya fi haka.

A wajenmu fitsarin jini ba ciwo ba ne. Duk yaron da ya yi wanka a tabkin fadama ya yi shi, tsargiya ce, har wanda bai yi ba ake yi wa dariya a ce bai zama namiji ba tukuna. Saboda haka da Assumana ya ga jini a Abijan, yana da furfura a gemu, bai gaya wa kowa ba, ya ce tsohuwar abokiya ce ta tuna da shi. Sai da ya faɗi a bakin ƙofa Baturen ya ɗauke shi a mota ya kai shi babbar likita, wato asibiti. Can suka ce ciwon daji ne a mafitsara. Suka kankare abin ta ciki, sannan suka riƙa zura masa siririn tiyo suna zuba wani magani, mako mako, a ce ya riƙe fitsari ya yi ta juyi a kan gado don maganin ya taɓa ko'ina. Da aka gama, likitan ya ce ya je ya huta amma lalle ya dawo, a leƙa ciki a sake zubawa, domin irin wannan ciwo yana kwanciya ne, ba ya mutuwa. Baturen kuma ya gaya masa zai koma ƙasarsu gaba ɗaya da shigowar zafi, ya dawo kafin nan, don muddin yana nan ƙofar likita a buɗe take gare shi. Bayan tafiyarsa kuwa bai san yadda za ta kasance ba.

Ya iso gida bayan an ɗaure gero. Na tarye shi a tashar Madawa ban gane shi ba sai da ya kira sunana. Maganin ya bar shi da fitsari a kai a kai, wani lokaci kafin ya kai bayan ɗaki ya riga ya ɗiga. Wannan ya fi ciwon cin ransa. Ya daina zuwa masallaci, ya ce ba zai shiga sahu da najasa ba. Ya ware wando ɗaya na salla, matarsa Hajo, uwarku, tana wankewa tana shanyawa a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Mutumin da in ya dawo daga Abijan gari ke cika ƙofar gidanmu, sai ga shi yana wuni a bayan rumbu, yana tsinke karan dawa yana zubarwa.

Wata rana da hantsi na same shi can, Hajo tana sussuka kusa da mu. Ina son in sa shi magana, sai na tambaye shi sunan maganin da aka zuba masa.

"Kai ma ka san shi," in ji shi. "Beseje. Likitan da bakinai yac ce min maganin lamba na, irin na jarirai, na hannu. Wai shina tada sojojin jiki daga kwana, su tashi su iske ciwon su yi ta bugu."

"Beseje ta tarin huka?"

"Ita."

Na yi lissafi a kaina, sannan na ce, "Yaya, ɗigo guda hwa ake sa ma jariri, shi tsare shi daga tari har shi girma. Kai kwalba anka juye maka, kuma ba sau guda ba. Ai kai da tari kun yi bankwana. Ko mura tag gan ka, sai ta sake hanya."

Hajo ta dakata da taɓarya. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, ba ta raga mini.

"Likitan akwati ya yi magana," ta ce. "Jiya akuyata kab ba kinin, yau ka kai ga mahitsara."

"Akuyar ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, amma ta bar gaishe ka."

Assumana ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ya zo. Wallahi a ranar don wannan dariyar na yi maganar. Ban ɗauka za ta wuce bayan rumbu ba.

Da sanyi ya kankama, murar ta shigo. Waɗanda suka ci kasuwar Tama suka dawo da ita. Ba irin wadda muka sani ba ce, wadda mutum zai fyace majina ya tafi aikinsa. Wannan tana farawa da masassara mai karya gaɓoɓi, sai tari, tsofaffi da ƙanana kuma ta sauka musu a haƙarƙari. Ku tuna lokacin rani ne, maza duk sun tafi, wasu Abijan wasu Najeriya, gari ba kowa sai mata da yara da tsofaffi da mu ƴan albasa. Gida guda sai ya kwanta gaba ɗaya, a rasa mai jawo ruwa, a rasa mai dama kunu. Mu kuma abin da muka sani shi ne sanyi ke kawo ta, don haka duk wanda ya kwanta sai a shigar da shi ɗaki, a sa kaskon garwashi, a toshe taga da tsumma, a saki asabari a ƙofa. Duk wanda ya shiga dubiya ya shaƙi abin da ke ciki, jibi shi ma an toshe masa tagarsa. Asfirin ɗin akwatina bai daɗe ba ya ƙare. Innarmu ta kwanta, Hajo ta shiga jinyarta ta kwanta, ni ma na bi su.

Assumana ne ya rage a tsaye. Ya bar bayan rumbu ya shiga ɗakin Inna, ya tallafe ta yana ba ta kunu, ya tafasa ganyen bedi ya lulluɓe ta da zane ta yi sirace, ya shafa mata man shanu a ƙirji. Tana tari a fuskarsa. Ya fita ya yi wa Hajo haka, ya zo ya yi mini. Muka tashi ɗaya bayan ɗaya, shi ko atishawa bai yi ba. Ina kwance tukuna wata maƙwabciya ta zo bakin ƙofa tana kuka, tsohonta ba ya iya numfashi, in taimaka da magani. Ba ni da magani. Daga kan tabarma na ce mata ta kira Yaya, shi an yi masa lamba a ciki, ba ta kama shi. Kafin la'asar maganar ta zaga gari.

Daga nan bai ƙara zama ba. Da safe ya ɗauki guga ya cika randunan gidajen da suka kwanta, ya hura wuta, ya shiga ɗakunan da kowa ke tsoro. Tsofaffin maza da suka rasu shi ya wanke su, shi da wani makaho da gurgun maƙeri suka yi ta haƙa kabari. Ba wanda ya ƙara kula da cewa yana zagawa bayan danga kowane lokaci. Limaminmu ma ya kwanta, har an fara jin tsoro, Assumana ya yi jinyarsa. Da liman ya samu sauƙi ya tambaye shi abin da ya hana shi masallaci. Da ya ji, sai ya ce masa mai irin wannan lalura shari'a ta yi masa rangwame, ya yi alwala in lokaci ya yi ya zo ya shiga sahu, abin da ya ɗiga ba laifinsa ba ne. Ranar da ya koma ina bayansa. Mutane suka buɗa masa wuri a sahun gaba. Na ga ƙeyarsa, na ga yadda kafaɗunsa suka miƙe, har yau ina ganinsu.

Hajo ce kaɗai ba ta manta da Abijan ba. Da sanyi ya fara sassautawa ta daka masa gumba, ta wanke kayansa ta ƙulle, ta ajiye ƙunshin a inda zai riƙa tuntuɓe da shi. Amma murar da ta lafa a garinmu sai ta koma ƙauyukan tudu da rugagen Fulani ta wajen Garhanga. Labarinsa ya riga ya kai can. Aka fara zuwa da jaki ana tsayawa a ƙofar gidanmu, ana tambayar gidan mutumin da tari ba ya kamawa. In ya tafi sai ya kwana biyu ko uku, ya dawo da ƙwaryar nono ko zakara, idonsa ya faɗa don gajiya, yana murmushi.

A cikin haka na hau Buza karɓo magani. Babban ma'aikacin likitar, wanda muke kira majo, mutum ne mai yawan aiki da ƙarancin magana. Yana cika mini akwati na ba shi labarin wana, ina jiran ya yaba. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Beseje cikin mahitsara? Na taɓa jin ana yi, ban taɓa gani ba. Amma malam Illa, tarin huka daban, mura daban. Ba abu guda ka kawo su ba."

"To ƙaƙa anka yi ba ta kama shi ba?"

"Ni ma ina cikin masu tari tun sahe har dare, ba ta kama ni ba. Akwai likitocin da ka cewa lambar tana ƙara ma jiki ƙarhi ga wasu cututtukan. Ko gaskiya na, ban sani ba, kuma ba na jin su ma sun tabbata. Abin da nis sani guda na. In likitan da yal leƙa cikinai ya ce shi komo, shi koma. Kak ka bari shi ƙara kwana. Mura tana wucewa, wancan ba shi wucewa."

Na sauko daga Buza da maganar nan a kaina. Na iske su bayan la'asar, Assumana yana zaune a tabarma yana cin tuwon da ya kwana, Hajo tana tsefe wa ƙaramarku kai. A waje kuma wani Bafulatani yana tsugune da sandarsa, tun azahar yake jira, rugarsu ta kwanta.

"Mi majo yac ce?" in ji Assumana.

Na ce, "Ya ce akwai likitocin da ka cewa lambar tana tsarewa."

Ban yi ƙarya ba, ya faɗi haka. Sauran maganar ma na faɗe ta, amma sai da na sha ruwa, na cire takalmi, sannan na ce kamar abin da na tuna a hanya, "Ya ce kuma in ka samu hali ka koma." Majo bai ce in ya samu hali ba. Ni na ƙara wannan.

Hajo ta saki kan yarinyar. "Wane hali kuma? Ga kayanai can ƙulle tun yaushe. Motar Madawa tana tashi ran kasuwa. Illa, ka gaya ma wanka shi tahi."

"Ai ba yaro ba na, Hajo."

"Kai ma ba likita ba na, amma da kay yi magana gari duk ya ɗauka. Yi wata maganar mana, tunda bakinka na da albarka."

Assumana ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga ƙwarya ba, "Ke, mutum na tsugune waje."

"Shi tsuguna. Fulani sun san mura tun ba a haihe ka ba. Su wa ka yi musu jinya da kana Abijan?"

"In na tahi yanzu, a ce mi? A ce Assumana ya ga an kwanta ya ɗauki jaka?"

"A ce. Ni na iya jin a ce. Wankin wando nis saba, ban saba takaba ba."

Assumana ya dube ni. Na san duban. Da na ce masa majo ya ce kada ya ƙara kwana, da ya tafi, domin bai taɓa jayayya da abin da na kawo daga Buza ba. Na tsaya ina gyara madaurin akwati. Na sha tambayar kaina abin da ya kama bakina. Wani lokaci in ce tausayin mutanen tudu ne. Wani lokaci in ce na tuna bayan rumbu ne, ba na son ya koma zama mai ciwo a hannun baƙi bayan ya zama mutum a garinsu. Akwai kuma na uku, wanda ba na son dubawa: tun da aka ba ni akwatin nan ba a taɓa ɗaukar maganata kamar yadda aka ɗauki wannan ba, kuma in na kawo ta majo gaba ɗaya, tawa ta faɗi. Duka ukun suna nan. Ban san wanne ya fi nauyi ba, na bar wa Allah.

Ya wanke hannu, ya ce in an gama da rugar nan zai tafi. Ya ɗauki bargonsa ya bi Bafulatanin. Bayan rugar aka samu wata, bayan ta wani ƙauye. Gumbar da Hajo ta daka yara suka cinye.

Sai da muka fara cire albasa, zafi ya sauka sosai, tarin ya ɗauke ko'ina, sannan na raka shi Madawa ya hau mota. A tasha ya zaga bayan wani shago, ya daɗe, da ya dawo na ga yana murza ƙasa da takalmi a inda ya tsaya, kamar mai rufe wani abu. Ban tambaye shi ba.

Ya dawo kafin ruwan farko. Mun zauna a zaure ni da shi, ya ba ni labari a taƙaice, kamar labarin wani.

"Na iske wani ɗan ƙabilar Mosi zaune bisa kujerata ta gadi. Gidan an yi mai sabon henti. Yac ce Baturen ya tahi tun tuni, ya yi ta tambayata har ranar da za shi hau jirgi."

"Likitar hwa?"

"Ƴan garinmu sun yi ƙoƙari, sun shigar da ni. Likitan ya gane ni. Ya leƙa ciki. Yac ce abin ya bar bisa, ya shiga nama, maganin zubawa ba shi kai mai yanzu. Sai dai a hidda mahitsarar duka, in riƙa yawo da jakar roba ga ciki, kuma ko haka bai yi min alkawari ba." Ya gyara zama. "Nac ce mai a'a, a bar ni in tahi gida da kayana cikakku."

Na fara cewa wani abu game da ranar da na dawo daga Buza. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Illa. Da ƙahwata nib bi Bahillacen nan."

Bai ƙara barin na tada maganar ba.

Ko maganin ne ya tsare shi daga murar, ban sani ba. Na shekara da shekaru ina juya abin. Akwai wata tsohuwa mai tallan nono da ta shiga kowane gida a lokacin, ba a taɓa yi mata lamba ko ta hannu ba, ita ma ba ta kwanta ba. Akwai jariran da na jera da hannuna aka yi musu beseje, wasu sun tsira wasu mun binne su. Ɗiyata da ke aikin likita a Tawa ta ce mini har yanzu masana ba su gama gardama a kai ba. To in su ba su gama ba, ku dubi wanda ya yanke hukunci a bayan rumbu da akwatin asfirin.

Ya rasu tsakiyar damina, ana maimai. Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa a garinmu ba. Mutanen tudu sun sauko, Fulani sun bar shanu sun zo, mata da ya jawo wa ruwa sun cika gidan har waje. Muna zaman makoki a ƙofar gida, wani dattijo daga wajen Garhanga ya ce, don ya sanyaya mana rai, bawan Allah ne, ya shiga ɗakin tari fiye da kowa, har ya koma ga Ubangijinsa ko tari ɗaya ba a ji ya yi ba. Jama'a suka ce haka ne, haka ne.

Da maraice na shiga ciki in gai da Hajo. Tana zaune a ƙasa cikin ɗaki, lulluɓe, danga ce kawai tsakaninta da inda muka zauna, ta ji kome. Na tsuguna a bakin ƙofa na ce ya haƙuri. Ba ta amsa da abin da ake amsawa ba. Ba ta kuma kira ni likitan akwati ba, ba ta ƙara kira na haka ba har ta mutu.

"Illa," ta ce, muryarta ba faɗa a ciki, "da ma ta kama shi. Da ya yi tari ko na kwana ukku kamar kowa, da kun bar min shi ya tahi."